Wane irin baka mai kunama ya dace da farautar barewa?

Sabon Maharbi:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka san kan abin. Ina so in sayi baka mai kunama, irin wanda ake ɗanawa a kwance bisa gindi kamar na bindiga, don farautar barewa daga maɓoya a ƙasa, wani lokacin kuma daga kan bishiya. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne lambobin da ake rubutawa a jikin kwali. Wani an ce yana harba kibiya ƙafa 330 a sakan ɗaya, wani 400, wani ya ma wuce haka. Shin sai mai gudun 400 ne zai kayar da barewa? Nauyin ja nawa ya isa? Mai taya ya fi ko marar taya? Kuma daga yadi nawa ya kamata mutum ya tsaya, kada ya raunata dabba ta tafi ta mutu a banza? Allah ya saka da alheri.

Sarkin Baka:

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Kafin komai ka duba dokar inda za ka yi farautar, domin ita ce za ta fara tace maka zaɓi. A Birtaniya an haramta farautar dabbar daji da baka kowane iri. A Amurka kowace jiha da nata: jihar Ohayo ta sa mafi ƙarancin nauyin ja laba 75, Fensilbeniya kuma laba 125, sannan jihohi da dama suna ƙayyade faɗin kaifin kan kibiya, wasu ma suna ware lokacin da aka yarda a fita da wannan baka. Sai ka san wannan tukuna ka sa hannu a aljihu.

Batun gudu kuwa, ga lissafin da zai kwantar maka da hankali. Ƙarfin da kibiya ke ɗauke da shi ana samunsa ne idan ka ninka gudun da kansa, ka ninka da nauyin kibiyar a giren, ka raba da 450,240. Kibiya mai giren 400, wato kusan giram 26, idan ta fita da gudun ƙafa 350 tana ɗauke da ƙafa-laba 109, wato ma'aunin da ake auna wannan ƙarfin da shi. Ko da gudun 300 ne kacal, 80 take ɗauke da shi. Jadawalin da maharba suka saba dubawa yana sa barewa tsakanin 25 da 41. Ka ga ke nan duk wani bakan farauta na yanzu ya ninka abin da ake bukata, kuma kibiyar da ta shiga ta haƙarƙari fita take yi ta ɗaya gefen ta cake a ƙasa. Ƙarfin da ya rage bayan nan ƙasa ce ta sha shi.

To me gudun 400 zuwa sama yake jawo maka? Tsirkiya tana saurin cinyewa, musamman naɗin tsakiyarta inda ƙugiyar kunama ke riƙewa. Ƙara tana ƙaruwa. Kan kibiya mai reza yana fara yawo a iska idan bai zauna daidai ba. Abin gwajin harbi na yau da kullum ba ya tare ta, sai ta nutse har fikafikai su yage. Abin da kake samu a madadin wannan duka shi ne kibiyar ba ta saurin sunkuyawa, wanda ba laifi, amma amfaninsa a ƙasa da yadi 40 kaɗan ne. Ni a ganina tsakanin 330 da 380 ne wurin da ya dace da barewa. Ka kuma sani lambar da ke jikin kwali da kibiya mafi rashin nauyi aka auna ta. Da zarar ka ƙara giren 50, ka sa rai gudun zai ragu da ƙafa 15 zuwa 20.

Nauyin ja shi kaɗai ba ya gaya maka komai. Sai ka haɗa shi da tsawon tafiyar tsirkiya, wato nisan da take turo kibiya daga inda aka ɗana ta zuwa inda take hutawa. Baka mai laba 165 da tafiyar inci 14 zai iya fin mai laba 200 da tafiyar inci 11 gudu, kuma ya fi shi sauƙin ɗanawa. Laba 150 zuwa 185, wato kilo 68 zuwa 84, ya wadatar a mai taya.

Marar taya, irin wanda kamfanin Excalibur na Kanada ya yi suna da shi, hannuwa biyu ne da tsirkiya ɗaya, shi ke nan. Idan tsirkiya ta tsinke kana iya sauya ta da kanka da 'yar igiyar ɗauri cikin minti kaɗan. Aibinsa faɗi, da nauyin ja mai yawa, don sau tari yakan haura laba 250 kafin ya kamo gudun mai taya. Mai taya kuwa siriri ne, yana ba da gudu da ƙaramin ja, amma bayan tsirkiya yana da wasu igiyoyi biyu, kuma dole tayoyin nan biyu su riƙa juyawa tare. Idan igiya ɗaya ta miƙe fiye da 'yar'uwarta, taya ɗaya zai riga ɗaya, sai ka ga kibau suna karkata gefe guda ba tare da ka san dalili ba. Gyaran wannan sai da injin matse baka. Wanda yake nesa da mai gyara, marar taya ya fi masa kwanciyar hankali.

Abu ɗaya da sababbi ba sa kula da shi, alhali shi ne ya fi ɓata harbi: ɗanawa a karkace. Idan ka ja tsirkiya da hannu, hannunka mai ƙarfi yana rinjayar ɗaya, sai tsakiyar tsirkiya ta goce daga tsakiyar doron baka, wato inda kibiya ke kwanciya. Gocewar da ba ta kai ƙwayar shinkafa ba tana kautar da kibiya inci da dama a yadi 30. Saboda haka kada ka ɗana da hannu. Igiyar ɗanawa tana rage nauyin da rabi, kuma tana ja daidai wa daida. Ka samu alƙalami mai farin tawada ka yi ɗigo biyu a naɗin tsirkiya, ɗaya a kowane gefen doro, lokacin da bakan yake a sake. Bayan ka ɗana, ka leƙa: idan ɗigon nan biyu ba su yi nisa ɗaya da doro ba, ɗanawar ba ta yi ba. Sannan ƙafarka ta shige likkafar da ke gaban baka sosai har tsakiyar tafin, ba yatsu kawai ba, domin idan ta zame kana tsakiyar ja, gindin bakan haɓarka zai nufa.

Mai Kwari:

Sarkin Baka ya gama magana a kan bakan. Bari in ɗora a kan kibiya, don ita ce ke yin aikin.

Ka buɗe littafin da ya zo da bakan ka nemi abu uku: tsawon kibiya, mafi ƙarancin nauyinta, da irin gindin da aka ce a yi amfani da shi. Tsawo yawanci inci 20 ne ko 22. Nauyi kada ka taɓa sauka ƙasa da abin da aka rubuta. Kibiya marar nauyi ba ta iya kwashe ƙarfin da hannuwan baka suka tara, ragowar sai ya koma cikin hannuwan da tsirkiya, daidai da ka saki baka ba kibiya. A haka hannu yake tsagewa. Jimillar giren 400 zuwa 450, har da kai, ita ce ta fi dacewa da barewa: ƙara tana raguwa, iska ba ta cika kaɗa ta ba, kuma tana ratsa ƙashi.

Gindin kibiya, inda tsirkiya ke zama, iri-iri ne. Akwai shafaffe, akwai mai rabin wata, akwai mai kama tsirkiya ya riƙe. Ba a musanya su yadda aka ga dama. Siraran bakunkunan nan na zamani idan an ɗana su tsirkiyarsu tana yin kusurwa mai tsini, to idan ka sa shafaffen gindi tsirkiya tana iya tsallake kibiyar ta sama ko ta ƙasa, bakan ya harba fanko. Na kamfanin Ravin, alal misali, ba a sa musu kowane gindi sai nasu, kuma sai ka tura kibiyar ka ji ta yi ƙas a jikin tsirkiya. Mai rabin wata kuma dole tsagarsa ta kwanta daidai da tsirkiya, fiffiken nan mai launi dabam yana kallon ƙasa cikin tsagar doro. Idan ka juya shi, matsalar ɗaya ce. Ko wane iri ne, ka tura kibiya baya har ta taɓa tsirkiya, kada a bar ko ɗan tazara.

Sai kai. Giren 100 ko 125 aka fi amfani da shi, kuma kan gwaji marar reza da kan farauta su zama nauyi ɗaya. Akwai mai reza a tsaye, akwai mai reza a naɗe da ke buɗewa idan ya taɓa jiki. Mai buɗewa yana tashi kusan kamar kan gwaji, yana kuma yanka rami mai faɗin inci ɗaya da rabi zuwa biyu, jini ya zuba da yawa, bin sawu ya yi sauƙi. Amma ka tabbata an rubuta cewa na baka mai kunama ne, domin wanda aka yi wa bakan hannu abin da ke riƙe rezarsa ba shi da ƙarfi, fizgar farko tana buɗe shi a iska, kibiya ta yi nata wuri. Mai reza a tsaye ba ya da abin da zai ƙi aiki, ya kuma fi jure ƙashin kafaɗa, sai dai rezar tana zame masa fiffike a gaba, ta yi ta gardama da fikafikan baya. Maganinsa ka zaɓi ƙarami, mai faɗin inci ɗaya da ɗan ɗori, ka kuma juya kowace kibiya a kan tsininta bisa tebur. Wadda ka ga tana rawa, ka ware ta.

Kada ka fita daji da kan da ba ka gwada ba. Ka sadaukar da ɗaya, ka harba shi a yadi 20, 30 da 40, ka ga ko yana sauka inda kan gwaji ke sauka. Ka sa wa kibau lamba a fiffike, ka ware uku da suka fi haɗuwa wuri ɗaya, su ne na farauta. Wanda ka yi gwaji da shi kuma ya dakushe, ba ya komawa kwari sai an sauya masa reza. Kibiyar kabon duk lokacin da ta bugi abu mai tauri, ka lanƙwasa ta kaɗan kusa da kunnenka kana juyawa. Ka ji ƙas-ƙas, ta tsage a ciki, ka karya ta ka yar, domin irinta ce ke fashewa a kan doro kusa da hannun mutum.

Na Fako:

Ni a wuri ɗaya na saba da Sarkin Baka, Allah ya ƙara masa lafiya. Mai tambaya ya ce daga maɓoya da kan bishiya zai yi harbi, to a nan faɗin baka ba ƙaramin abu ba ne. Marar taya yakan kai inci 25 zuwa 30 daga wannan baki zuwa wancan, mai taya na zamani kuwa idan an ɗana shi wani bai fi inci 10 ba. Kuma hannuwan baka buɗewa suke yi waje idan an harba. Idan bakin hannu ya bugi gindin bishiya ko sandar maɓoya, kibiya ta ɓace, hannun na iya tsagewa, gindin kuma ya daki fuskarka. Don haka faɗin da za ka auna shi ne na lokacin da bakan yake a sake, ka ƙara masa tafin hannu a kowane gefe. A ƙuntataccen wuri ni mai taya zan ce.

Haka nan igiyar ɗanawa sai mutum ya miƙe tsaye ya taka likkafa, abin da ba shi yiwuwa cikin aminci a kan bishiya. Idan akwai hali ka ɗauki mai winci a jikin gindi, wanda ake juyawa da hannu ɗaya, nauyin ya dawo kamar laba goma ko ƙasa da haka. Ka nemi wanda ba ya ƙara lokacin juyawa, kuma wanda ake iya sauke tsirkiya da shi. In ba haka ba, ka ɗana a ƙasa, ka sa makulli, ka hau da ɗamarar tsaro, sannan ka jawo bakan da igiya ba kibiya a kai, gabansa yana kallon ƙasa. Sai ka zauna daram kafin ka ɗora kibiya.

Kafin ka saya, ka ɗauke shi ka kai kafaɗa da irin rigar da za ka sa a daji. Ka rufe ido, ka kwantar da kumatu, ka buɗe. Idan ba ka ga cikakken da'irar madubin hange nan take ba, sai ka ɗaga kai ko ka miƙa wuya, wannan bakan bai dace da jikinka ba, sai in gindinsa ana daidaita shi. Nauyinsa yawanci laba 6 zuwa 8 ne tsurarsa, madubi da kwari su ƙara kusan biyu, kuma nauyin a gaba yake taruwa. Riƙe shi a saiti minti ɗaya ka ji yadda hannu zai fara rawa. Shi ya sa sandar jingina take da muhimmanci. Kunama ta kasance tsakanin laba 3 da 4, tana sakin tsirkiya ba tare da jan ƙafa ba. Kuma kada ka karɓi wanda ba shi da abu biyu: na'urar da ke hana harbi idan ba kibiya, da fiffiken da ke tare yatsu a mariƙin gaba. Tsirkiyar nan tana iya cire babban yatsa idan ya leƙo saman doro.

Yanzu tambayarka ta ƙarshe, wadda ta fi sauran nauyi. Baka mai gudun 350 da aka saita a yadi 20, kibiyarsa tana sunkuyawa kusan inci 4 a yadi 30, kusan 11 a yadi 40, sama da 20 a yadi 50. Wurin da ake nema a jikin barewa, huhu da zuciya, faɗinsa bai wuce inci 8 ba. Idan ka ɗauka yadi 40 ne ashe 45 ne, kibiya ta sauka kusan inci 3 zuwa 4 ƙasa da inda ka nufa, ka kai bakin wurin ke nan. Saboda haka na'urar auna nisa ba ado ba ce. Da ka zauna, ka auna bishiyoyi da duwatsun da ke kewaye da kai ka riƙe a ka, don idan barewa ta fito ba lokacin motsi.

Sannan ƙara tana riga kibiya isa. Sauti yana tafiyar kusan ƙafa 1,125 a sakan, ya ninka kibiyarka sau uku. A yadi 40 barewa tana jin ƙarar kusan rubu'in sakan kafin kibiya ta iso, kuma abin da take fara yi shi ne ta durƙusa don ta zabura. Sai kibiya ta bi ta saman baya, ko ta shiga naman da ke bisa ƙashin baya. Mai gudun 400 bai rage wannan tazarar da abin da ya kai kashi ɗaya cikin goma na sakan ba. A yadi 20 kuwa kafin ta motsa kibiya ta wuce. Don haka shekarar farko ka tsaya a yadi 30. Idan hannu ya faɗa, kana sa kibau biyar cikin faɗin tafin hannu daga zaune, ka kai 40 ga dabbar da take kiwo hankali kwance. Wadda ta ɗaga kai ta kafa kunnuwa tana kallon wajenka, ko a 30 ka dakata mata.

Sabon Maharbi:

Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara sani. Na fahimci mai taya, gudun 350 zuwa 370, da kibiya mai giren 425 zai yi mini. Saura biyu: yaya ake saita madubin nan mai layuka da yawa, kuma idan an wuni ba a yi harbi ba, yaya ake sauke bakan?

Sarkin Baka:

Zaɓin ya yi, kuma maganar Na Fako a kan faɗi gaskiya ce.

Madubi ka fara a yadi 10, don kawai ka tabbata kibiya tana kan abin gwaji. Ka koma 20, ka jingina bakan a kan buhun yashi, ka harba uku, kowace a ɗigonta dabam don kada su fasa juna. Ka juya maɓallan sama da gefe har layin farko ya zauna daidai. Ka tuna idan abin da aka rubuta a maɓallin na yadi 100 ne, a yadi 20 sai ka danna sau biyar kafin ka samu motsin da aka rubuta. Daga nan kada ka sake taɓa su. Idan madubin yana da zoben gudu, wanda ke daidaita layukansa da gudun kibiya, ka sa shi a lambar gudun da kake zato, ka koma yadi 40 ka harba da layin 40. Kibiya ta sauka ƙasa, ka rage lambar zoben. Ta hau sama, ka ƙara. Idan 20 da 40 suka daidaita, 30 zai bi. Marar zobe kuwa, sai ka gwada kowane layi ka ga ainihin nisan da yake bugawa, wataƙila layi na uku 37 ne ba 40 ba, ka rubuta a 'yar takarda ka manna a gindin bakan. Ka kula kada bakan ya karkata lokacin harbi: hannun dama ya yi ƙasa, kibiya dama za ta tafi.

Saukewa, idan ba winci mai saukewa, ka riƙa tafiya da kibiya ɗaya mai kan gwaji. Ka cire ta farauta, ka ɗora wannan, ka harba cikin ƙasa mai laushi 'yan taku a gabanka, inda ba dutse ba saiwa. Kada ka shiga mota da baka a ɗane, kada kuma ya kwana a ɗane, domin tsirkiya da igiyoyi suna miƙewa.

Tsirkiya ka riƙa shafa mata kaki duk lokacin da ka ga ta fara gashi, ka murza da yatsa har ya narke ya shiga, amma ban da naɗin tsakiya, don kakin yana taruwa a cikin kunama ya kama ƙura. Doro kuma man da aka yi dominsa, ɗigo biyu a kowane gefe bayan harbi goma zuwa ashirin. Idan naɗin ya fara rabuwa har kana hango zaren ciki, ko ka ga zare ɗaya ya tsinke, ka daina harbi sai an sauya. Ko ba abin da ya nuna, tsirkiya da igiyoyi a sauya su tare duk shekara biyu zuwa uku. Sabuwar tsirkiya tana ɗan miƙewa a harbin farko-farko, saboda haka ka yi harbi kamar talatin, ka bi kusoshin madubi da na gaban baka ka ɗaure, sannan ka yi saitin ƙarshe.

Mai Kwari:

Ƙari kaɗan a kan inda za a sa kibiyar. Ka jira barewa ta ba ka gefe sosai, ko ta ɗan juya maka baya. Ka bi bayan ƙafar gaba da ido ka hau kashi ɗaya cikin uku na kaurin jiki. Idan ta ɗan juya baya, ka nufi ƙafar gaba ta ɗaya gefen, kibiya za ta ratsa huhu biyu. Daga kan bishiya ka yi tunanin inda kibiyar za ta fita, ka ɗan ɗaga wurin shiga. Wadda ta fuskanto ka, ka bar ta.

Bayan harbi ka riƙe wurin da ka gan ta na ƙarshe, ka zauna minti 30, sannan ka sauka ka duba kibiyar. Jini mai haske da kumfa na huhu ne, ka bi, ba za ta yi nisa ba. Ja mai duhu na hanta ne, ka ba ta awa huɗu zuwa shida. Idan ka ga kore-kore da wari, tumbi ka samu, ka janye a hankali ka ba ta awa takwas zuwa goma sha biyu, domin idan ba a tashe ta ba kusa take kwanciya, idan kuwa aka tashe ta sai ta yi nisa inda jini ya daina zuba. Gindin kibiya mai fitila, inda doka ta yarda da shi, yana nuna maka daidai inda ta shiga, amma ya fi gindin da aka saba nauyi, don haka da shi za ka yi saitin tun farko.